Fijo 504 Ko Mai Turbo: Wace Mota Ce Za Ta Kai Ka Gida Kafin Magariba?

 Wannan makon za mu ɗan huta da zancen siyasa mu leƙa gareji, ko da yake, kamar yadda za ku gani, garejin ma bai rabu da siyasa ba.

A hutun da ya wuce, ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ya zo mana Batsari tare da wani abokinsa. Bayan sallar isha'i muna zaune a ƙofar gida sai gardama ta kaure tsakaninsu. Ɗan yayata ya kafe a kan cewa tun da aka daina ƙera manyan motocin nan na Amurka na shekarun 1960, masu injin fulogi takwas da ruri kamar hadarin Agusta, ba a sake yin mota ba. Abokin nasa ya ce wannan zancen tsofaffi ne, domin ƙaramin injin zamani mai turbo zai bar su a baya suna shaƙar ƙura, kuma da rabin man da suke sha. Da abin ya ƙi ƙarewa sai suka juyo gare ni: "Kawu, kai ka raba mu."

Na yi dariya, domin a iya sanina babu ɗayansu da ya taɓa riƙe sitiyarin irin motocin da suke musu a kai. Amma da na kwanta na yi ta juya maganar, sai na ga gardamar tamu ce, riga kawai ta canza. Mu ma a nan yammacin Jihar Katsina muna da tsohuwar jarumarmu, muna kuma da sababbin shiga, kuma amsar da muka bayar tana iya zama maganar rai da mutuwa.

Bari mu fara da abin da yaran ke musu a kai. A 1964 kamfanin Pontiac na Amurka ya ɗauki babban inji ya dasa shi a matsakaiciyar mota, ya kira ta GTO, kuma a shekarar ce Ford ya fito da Mustang. Daga nan gasa ta ɓarke. Dabarar ba ta da wuyar fahimta: in kana son ƙarfi, ka ƙara girman inji, ka ƙara masa fetur. Zuwa 1970 Chevrolet yana sayar da Chevelle mai injin lita 7.4 wanda aka ce yana da ƙarfin doki 450. Abin da ya ɗaure wa wannan al'ada gindi shi ne arhar mai da faɗin tituna. Da waɗannan suka gushe ita ma ta gushe. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta matsa wa kamfanoni, kuɗin inshora ya hau, sannan takunkumin man da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a 1973 ya sa Amurkawa bin layi a gidajen mai. Cikin 'yan shekaru kaɗan zakunan titi suka koma kyanwoyi.

Shi kuwa turbo ba sabon abu ba ne kamar yadda matasa ke zato. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar tun 1905. A taƙaice, fanka biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da inji ke fitarwa, wanda a da yake tafiya a banza ta salansa, shi ke juya fanka ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, ta biyun ta cusa iska da ƙarfi cikin inji. Iska mai yawa tana ƙona mai mai yawa a ƙaramin wuri, don haka ƙaramin inji ya yi aikin babba idan an taka shi, ya koma shan man ƙarami idan an sassauta. An fara sa shi a motocin kasuwa a Amurka a 1962, Porsche da Saab suka fito da shi fili a shekarun 1970. Yau kusan ya mamaye ko'ina. A 2015 ita kanta Mustang ta fito da injin fulogi huɗu, lita 2.3, mai turbo da ƙarfin doki 310. A ƙarshen 2023 kamfanin Dodge ya daina ƙera Challenger, ɗaya daga cikin na ƙarshe a wancan tsohon gidan. A fagen lissafi dai, abokin ɗan yayata ya ci gardama.

To amma mu fa? Mu ba mu taɓa yin zamanin fulogi takwas ba. Jarumarmu ita ce Fijo, musamman 504. Ba a ƙera ta don tsere a miƙaƙƙen titi ba. Injinta fulogi huɗu ne, bai cika lita biyu ba, ƙarfinsa bai kai doki ɗari ba. Jarumtakarta a juriya take. Ta fito a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975, tseren da ake yi cikin laka da duwatsu da ƙura irin tamu. A shekarar ce masana'antar Peugeot ta Kakuri a Kaduna ta fara harhaɗa motoci, a zamanin da Legas ke da Volkswagen, Bauchi ta samu Steyr, Kano ta samu masana'antar manyan motoci ta Fiat. Gwamnatin soja ta wancan lokaci ta mai da Fijo motar hukuma, tun daga kan manya har zuwa sakataren ƙaramar hukuma. An ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna har zuwa 2006, shekaru masu yawa bayan Turai ta yi ban kwana da ita.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Ruma ko ta Safana a shekarun 1980 ya san abin da nake faɗa. Wagon ɗinta ce ke jigilar mutane zuwa Katsina da Dutsin-Ma da Kano. A-kori-kurarta ce ke kwaso rogo da dankali da gero daga Wagini da Runka da Zakka zuwa kasuwa, a lafta mata kaya har bayanta ya kusa taɓa ƙasa, ta ratsa yashi da kwazazzabo ta iso. Ita ce motar amarya, ita ce motar asibiti, ita ce ke ɗaukar gawa. Abin da ya fi muhimmanci, babu wani abu a jikinta da ya gagari bakaniken ƙauye. In ta shaƙe, a kwance kabireta a wanke da fetur a hura. In wuta ta ɗauke, a goge kwantak da 'yar takardar yashi. In fambel ya tsinke a daji, direba ya san dabarar da za ta kai shi gari. Bakanike yakan kasa kunne ya ji kukan inji ya faɗa maka ciwonsa, kamar yadda unguwarzoma ke gane kwanciyar ciki da tafin hannu. Motar baƙuwa ce, amma iliminta ya zama ɗan gari.

Daga 1986, da tsarin tsuke bakin aljihu ya karya darajar Naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Sai muka koma ga 'yan Kwatano. Golf da Sharon suka gaji Fijo a tasha, Toyota da Honda suka gaje ta a gidajen ma'aikata. Yanzu kuma ayarin da ke shigowa na motocin da aka ƙera daga 2010 zuwa sama ne, kuma da yawansu ƙananan injina ne masu turbo, waɗanda kwamfuta ke sarrafa komai nasu. Hatta Fijon da kamfanin Dangote Peugeot ya fara harhaɗawa a Kaduna a 2022, irin su 3008, masu turbo ne. Wato ko mun so ko mun ƙi, abin da ke tafe ke nan.

A nan ne zan ba ku labarin da ya sa ban ɗauki gardamar yaran nan wasa ba. Cikin kakar 2021 ne, lokacin da gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar 'yan bindiga, Batsari da Safana suna ciki. A lokacin ne kuma dokar da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa wa hannu a ƙarshen Agusta ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma taƙaita abin da za a sayar wa mai mota a yankunanmu zuwa na Naira 5,000. Mun je ta'aziyya Safana ni da wani ɗan'uwana a motarsa, sabuwar yanka daga Kwatano, mai turbo, mai sanyi kamar randa. Muka kamo hanyar gida bayan la'asar. Mun yi nisa sai muka faɗa wani rami, wata 'yar fitila ta kama a gaban direba, motar ta saki jiki. Ya taka totur har ƙasa, ita kuwa tana tafiya kamar jakin da ya ɗauko itace, ga baƙin hayaƙi, can kuma ta fara shiɗewa. Muka gangara gefe. Muka buɗe gaba, ba mu ga komai ba sai murfin roba. Ba waya, ba gari kusa, rana ta yi ja, kuma kowa ya san abin da ke yamma da mu: dajin Rugu.

Ban taɓa jin tsawon minti irin na ranar ba. Muna nan tsaye sai ga wata tsohuwar a-kori-kura ta tunkaro, ƙofarta ɗaure da igiya, bayanta cike da buhunan dankali. Direban, dattijo mai furfura, ya tsaya ba tare da ya kashe inji ba, ya leƙo ya ce: "Malam, ku hito ku shigo, nan ba wurin tsayawa ba ne." Ya ɗaura wa motarmu igiya ya ja ta zuwa ƙauye na gaba, mu kuma ya ƙarasa da mu Batsari ana kiran magariba. Ko kwabo bai karɓa ba. Allah Ya saka masa da alheri.

Washegari muka ɗauki wani tsohon bakanike da ya yi shekaru fiye da 40 yana gyaran mota a garinmu. Ya zagaya motar, ya saurari kukanta, ya girgiza kai ya ce: "Ɗana, wannan ba ta magana da kunne. Ku nemo mai kwamfuta." Sai da aka je Katsina takanas aka ɗauko wani matashi. Ya jona wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba a ƙarƙashin sitiyari, ya duba, ya zura hannu ya mai da wani tiyon iska da ya kuɓuce daga mazauninsa lokacin da muka faɗa ramin, ya ɗaure shi, ya goge laifin daga ƙwaƙwalwar motar. Aikin bai kai minti 15 ba. Dattijon nan yana tsaye yana kallo. Da aka gama ya ce, cikin murya ƙasa-ƙasa: "Da na san nan ne, ai da sukundireba ɗaya ta isa."

Wannan magana tasa ita ce ta tsaya mini a rai har yau. Motar ba ta yi laifi ba. Ta gane iska na zurarewa, ta rage ƙarfinta don kada injin ya lalace, kamar yadda aka tsara ta. Dattijon ma bai yi laifi ba. Hannunsa ya iya aikin, abin da ya rasa shi ne harshen da motar ke magana da shi. Laifin namu ne, mu da muka shigo da injin muka bar iliminsa a bakin teku.

Kada kuma a ɗauka ina kiran a koma jiya. Na san daɗin cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma gaskiya ɗaya ce. Motocin da muke yabo ba su da jakar iskar da ke tare mutum in an yi karo, ba su da birkin da ke hana taya kullewa, kuma jikinsu mai taurin da muke alfahari da shi ba ya shanye bugu, fasinja yake miƙa wa. Duk wanda ya san hanyar Katsina zuwa Kano kafin a kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, da bayan kafa ta ma, ya san gidajen da wagon cike da mutane ta mai da na marayu. Sannan ga mai. Tun daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya ƙare, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta yi ta hawa har ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Abin da ya kashe manyan motocin Amurka a 1973 shi ne ya iso ƙofarmu bayan shekara 50. Direban da ke lodin Batsari zuwa Katsina ba ya da halin ciyar da kabireta mai zarin sha, kuma kowace lita da ya ƙona a banza, talakan da ke bayan mota ne zai biya. Ƙari a kan haka, kayan gyaran tsofaffin motocin na asali sun yi wuya, jabu ya cika kasuwa.

Sai dai ita ma mai turbo tana da sharuɗɗanta, kuma wajibi ne mai saye ya san su. Fankar nan tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti guda, cikin zafin hayaƙi, kuma baƙin man inji ne ke sanyaya sandarta yana hana ta cin kanta. Wanda ya zuba mata baƙin man awo na bakin titi, ko ya wuce lokacin juye, ya yanka ta da hannunsa. Ƙurar hunturu in ta sami kafa ta wuce matatar iska, tana cin fikafikan fankar kamar yadda yashi ke cin garma. Da yawan waɗannan injina an tsara su ne a kan fetur mai daraja ta 95 a ma'aunin oktan, alhali na gidajen manmu bai kai haka ba, balle na 'yan bumburutu da ya kwana a galan. Ba mu manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam ya lalata motocin jama'a. Tsohuwar kabireta takan yi tari ta wuce. Injin zamani ba ya yafe irin wannan.

Abin takaici, maganin da muka saba yi shi ne mu rage wa motar wayo don ta dawo daidai da saninmu. Mun ga zamanin da ake cire injekta a dasa kabireta. Har gobe ana cire abin da ke daidaita zafin inji a jefar, ana fasa salansa a zare matatar hayaƙin da makanikai ke kira indomi a sayar, ana liƙe fitilar gargaɗi da baƙin salatif don kada ta dami direba. Wannan kamar mutum ne ya toshe bakin mara lafiya don kada ya ji nishinsa.

Kuma kada wani ya ce makanikanmu ba za su iya ba. Manyan motocin dizal da ke dakon kaya daga Legas zuwa Jibiya sun daɗe da turbo a jikinsu, kuma 'ya'yanmu ne ke kwance su suna ɗaurawa a Funtuwa da Kano da Marabar Jos. Yaran da ke gyaran waya a kasuwanninmu ba su je Sin sun koyo ba. Ita kuwa kafar da matashin nan ya jona na'urarsa, ba wani sirri ba ce: tun 1996 doka ta wajabta ta a kan duk motar da za a sayar a Amurka, Turai ta bi sahu a kan motocin fetur a 2001. Na'urar karanta ta, mai sauƙin kuɗi, ba ta kai farashin wayar da ke aljihun yawancin ɗalibanmu ba. Abin da ya rage shi ne wanda zai koyar, da harshen da za a koyar.

Don haka ga kirana. Na farko, ga gwamnatin jiha da shugabannin ƙananan hukumomin Batsari da Safana da maƙwabtansu: a ɗauki gyaran mota a matsayin wani ɓangare na tsaro. Motar asibiti ko ta jami'an tsaro da ta kwanta saboda an rasa mai karanta laifinta, daidai take da wadda ba a saya ba. Duk kwangilar sayen motoci ta zo da horar da makanikan yankin da za a kai su, da na'urar bincike, da kayan gyara. Na biyu, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da Ƙauyen Koyon Sana'a na Matasa da ke Katsina: a shirya gajerun kwasa-kwasai da Hausa, a kai su har gareji, tare da ƙungiyar makanikai, domin magidancin da ke neman na cefane ba zai rufe rumfarsa wata uku ya tafi aji ba. Na uku, ga ɗalibanmu, irin su ɗan yayata da abokinsa: ku da kuka iya Turanci da kwamfuta, ku zauna da dattawan da suka iya ƙarfe. Ku fassara musu lambobin, su nuna muku inda sukundireba ke shiga. Kowanenku yana riƙe da rabin abin da ɗayan ke nema. Na huɗu, ga hukumar da ke sa ido a kan ingancin mai: gwajin da ake yi a manyan birane ya riƙa isowa gidajen man karkara.

Ga mai niyyar sayen mota kuma, kafin ka tambayi gudunta, tambayi kanka abu uku. Wa zai gyara ta a garinku? A ina za ka sami kayanta, kuma cikin kwana nawa? Za ka iya ciyar da ita irin man da take buƙata duk wata, ba ranar da ka sayo ta kaɗai ba? In amsoshin sun yi, sayi mai turbo, ka kula da baƙin mai da matatar iska, ka bar ta ta ɗan huce kafin ka kashe ta bayan doguwar tafiya. In ba su yi ba, nemi mai sauƙin inji ko da ba ta burge 'yan unguwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Da safe da yaran suka sake tuntuɓata, "Kawu, ba ka raba mu ba fa," sai na ce musu: a titin Amurka mai turbo ta yi nasara, kuma a gidan mai ma haka. Amma a tsakanin Safana da Batsari, da yamma, mota mafi ƙarfi ita ce wadda in ta tsaya akwai wanda zai iya tayar da ita. A jiya Fijo ce ke da wannan matsayi, domin mun san ta ciki da waje. Babu abin da zai hana ta zamani ta same shi gobe, in mun yarda mu koye ta kamar yadda iyayenmu suka koyi waccan. Iya ruwa dai fidda kai.

Ɗan yayata ya yi shiru, sannan ya tambaye ni inda garejin dattijon nan yake. Na kwatanta masa. Allah Ya kiyaye mana hanyoyinmu, Ya dawo mana da zaman lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.